Ranar da Injiniya Ya Zama Kwaɗo

A bakin ƙofar wani gidan haya mai hawa biyu akwai wani ɗan shago da fankoki suka cika shi har rufi: masu tsayuwa, na tebur, na silin, wasu babu fiffike, wasu wuyansu a karye. Mai shagon shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, shi ya rubuta a allo, shi ya kafe allon a karkace. Idan ka kawo masa fanka tana ƙara, zai mayar maka da ita ta yi tsit, ko juyawa ba ta yi. Ka yi magana ya ce ai kai da bakinka ka ce ƙarar ce ta dame ka.

Sai dai ba gyaran fanka ne ya fito da shi a layin ba. Wani gem ne da ke cikin wayarsa, wai shi Kwaɗo Mai Lema. Wani ɗan koren kwaɗo ne yake tsalle daga katako zuwa katako a sararin sama, yana tsintar maɓallan zinariya, yana kauce wa butocin shayi masu fesa tururi. Rai uku gare shi. In ya buɗe lemarsa sai ya sauko a hankali kamar gashin kaza.

Duk wanda tsautsayi ya kawo shagon sai ya sha karatu.

"Matso ka gani," in ji Injiniya, yana cusa wa mutum waya a hanci. "Ƙirga ɗigon da aka zana kwaɗon nan da su. Ba su kai ɗari ba, 'yan murabba'i kamar tayil ɗin banɗaki. Amma dubi yadda yake lumshe ido in zai yi tsalle! Manyan kamfanoni su tara ma'aikata dubu, su zana maka mutum har da gumin goshinsa, amma babu rai. Wannan kuwa mutum biyu ne kacal suka yi shi, wata mata da ƙaninta, a ɗaki ɗaya, shekara uku. Saurari kiɗan. Tilili-tilili-tit! Irin na zamaninmu ne sak, lokacin da sai ka hura kaset da bakinka kafin ya yarda ya kama."

"Injiniya, fankata fa?"

"Ana kanta. Ka san sau nawa na ƙure gem ɗin nan? Sau tara. Na ƙarshen da hannu ɗaya na yi, ɗayan yana riƙe da sukundireba."

Wata Talata sai masu gem ɗin suka fitar da sanarwa: Kwaɗo Mai Lema zai cika shekara ɗaya, kowane masoyi ya turo gajeren bidiyo ya nuna irin son da yake masa. Wanda nasa ya fi burge su, za su zana shi su saka shi a cikin gem ɗin.

Injiniya bai ko rufe shago ba, ya haye bene da gudu. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi a firamare, tana zaune a ƙasa da tarin takardun jarrabawa tana maki.

"Malama, ajiye jan biron nan ki kalle ni da kyau. Daga wata mai zuwa sai dai ki riƙa ganina a waya."

"Yanzu ma ai a bayan waya nake hango ka," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Me kuma ya faru?"

Ya karanta mata sanarwar sau biyu, ya ɗora da bayani. Wasu za su zana hoto, wasu su yi waƙa, duk wannan aikin yara ne. Shi zai gina matakin farko na gem ɗin a tsakar gida, da katakai da iska da maɓallai da komai, sannan shi da kansa ya zama kwaɗon.

Malama ta ɗago. "Kai? Da gwiwar da take ƙas-ƙas in ka hau bene?"

"Ba ƙara take yi ba, shiri take yi."

"Bawan Allah, shekararka arba'in da huɗu."

"Kwaɗo ba ya ritaya."

"To Allah ya tsare. Abu ɗaya dai: kada ka taɓa min kaya."

"Ni? Me zan yi da kayanki?"

Kafin yamma duk layin ya ji cewa an zaɓi Injiniya za a saka shi a gem. Maganar gasa kuwa bai ga amfanin ɗaga ta ba, tunda a wurinsa an riga an gama.

Washegari ya shiga shagon amininsa Tela, wanda bango ɗaya ya raba su. Tela ya zagaya masa tef a ƙugu, ya duba, ya sake dubawa.

"Mutumina, ka rage min aiki. Cikin nan tuni na kwaɗo ne, ba sai na cusa soso ba."

"Ƙarfi ne ya taru a wurin. Kai dai yi ɗinki."

Koren yadin da Tela yake da shi ragowar labulen wani asibiti ne. Ya isa riga da hula da ƙafar wando ɗaya. Ɗaya ƙafar sai ya cike ta da wani yadi mai manyan furanni ja da ruwan ɗorawa. Wandon kuma ya fito a matse kamar an zuba Injiniya a ciki da mazurari. A kan hular Tela ya ɗinke fararen kwanukan roba biyu, ya ɗiga musu baƙin fenti, idanun kwaɗo ke nan. Injiniya ya samo safar hannu ta roba, irin ta masu wanke-wanke, ya ce a ƙafa zai saka su don yatsu su fito.

Lema kuwa wajen Nas ya je aro, wata ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin ƙarshe a ƙasa, mace marar yawan magana.

"Ta tare ruwan sama ce fa," ta ce tana miƙa masa. "Ba ta sauke mutum."

"Ya danganta da wanda ya riƙe ta, ƙanwata."

Saura mai gidan. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, kuma abu biyu ya fi ƙauna a duniya: tankin ruwan da ya ɗora a kan ƙarafa a tsakar gida, da wani ƙaton talotalo da yake kiwo a keji a gindin bango. Injiniya ya same shi a kujerarsa yana sauraron rediyo, ya durƙusa.

"Baba, ranar Asabar zan ɗan motsa jiki a tsakar gida."

"Madalla, ɗana. Motsa jiki lafiya ne. Kada dai ka matsa kusa da tankina."

"Ko kallonsa ba zan yi ba, Baba."

Daga nan ya manna takarda a ƙofar shago: RANAR ASABAR ƘARFE HUƊU, KWAƊO MAI LEMA A ZAHIRI. ZAKARAN DUNIYA ZAI NUNA. KOWA YA ZO DA KUJERARSA.

Ranar Asabar Malama na fita kasuwa ya hau aiki. Ya jera benci, sai teburin guga, sai akwatin Malama da ya sauko da shi ya ɗora a kan bokitai biyu, sai duron Baba da ya zuba wa ruwa rabi don kada ya gangara, ya rufe bakinsa da faifan katako. Daga duro sai tsani, daga tsani sai rufin rumfar wanki. Daga can zai buɗe lema ya wuce ta gefen tanki, ya sauka a kan katifa cikin natsuwa. Ya shafa wa marafan kwalba fenti ruwan ɗorawa, ya rataye su a igiyar shanya, tsakanin zannuwan gadon mutane. A madadin butocin tururi kuma ya fito da fankoki shida na kwastomomi. Abin da ya gagara wata uku, a safiya ɗaya ya tashe su duka, ya jona su a wayar wuta guda.

Ƙarfe huɗu tsakar gida ta cika. Masu shaguna, matan gidan, direbobin da ke jiran fasinja a bakin titi, har da waɗanda suka ga ana shiga kawai suka bi. Baba yana ɗaki yana hutun rana, rediyonsa na magana ita kaɗai. Malama ta dawo ta haye sama ta ƙofar baya da kayan cefane, ba ta ko leƙa ba.

Sai ga Injiniya ya fito daga shago. Idanun roba na rawa a kansa, ƙafa ɗaya kore, ɗaya lambun furanni, yatsun safa suna falan-falan a ƙasa. Wata tsohuwa ta riƙe baki ta ce, "Wannan ciwo ne ko sana'a?"

Wani mai kanti ya nuna da yatsa. "Injiniya, waccan ba fankata ba ce, da ka ce ta ƙone sai an yo odar kaya?"

"Gwaji nake mata."

"Waccan kuma tawa ce!" in ji wata mata.

"Ita ma gwaji. Jama'a a yi shiru, za a fara ɗauka."

Ya kunna kiɗan gem ɗin a wayarsa, ya jefa ta cikin kwanon silba don sauti ya ƙaru. Tilili-tilili-tit. Tela ya ɗaga tasa wayar ya saita. Injiniya ya hau benci, ya gyara murya.

"Ina gaida 'yar'uwa da ƙaninta, masu wannan gem mai albarka. Abin da kuka zana da ɗigo, yau za ku gan shi da tsoka da jini. Duk abin da za ku gani, kada kowa ya gwada a gida."

"A gida kake ai," wani ya ce daga baya.

Ya tsuguna, ya lumshe ido kamar yadda kwaɗon yake yi, ya daka tsalle. Ya kuwa sauka a kan teburin guga. Sai dai safar roba ta zame, teburin ya naɗe kamar almakashi, ya haɗa da shi suka zube tare, rigijib! A cikin faɗuwar aka ji wani sauti daban, ɓarrr, daga bayan wando.

Dariya ta ɓarke. Nas, da ke tsaye a ƙofarta da kofin shayi, ta ce a hankali, "Rai ɗaya ya tafi. Saura biyu."

Injiniya ya miƙe yana kare bayansa da lema. "Da gangan na yi. Haka ake fara nuna wa sabbin shiga abin da bai kamata su yi ba." Tela ya zagaya bayansa da fil a baki yana ɗaure ɓarnar. Injiniya kuwa ya juya wajen Nas. "Ashe kin san rai uku ne? Kina taɓawa ke nan?"

"Ina ɗan taɓawa in an sami hutu a wurin aiki."

"To ki dage. In kin kai mataki na goma sha biyu, wurin macijin ƙarfen nan mai kai uku, ki zo in nuna miki dabara."

"Mataki takwas ne ai gaba ɗaya."

"Na'am?"

"Takwas ne. Kuma babu maciji. Wata ƙatuwar buta ce a ƙarshe, in ka ci ta sai ta zuba maka shayi ku sha tare."

"Wannan na gama-gari ne kike faɗa. Nawa na musamman ne. Wayyo! Tela, wando za ka soke ko ni?"

"Ban san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba," in ji Tela.

Zagaye na biyu ya cire safar ya jefar. Direbobi biyu suka riƙe masa teburin guga. Benci, tebur, lafiya lau. Jama'a suka fara tafi. Ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwa, sannan ya faɗa kan akwati da dukkan nauyinsa. Marfin ya ce ɓurum, ƙafarsa ta furanni ta shige ciki har gwiwa, bokitan suka watse, akwatin ya wage baki.

Tagar sama ta buɗe.

"Akwatina ne wancan?"

"Aro na yi, Malama!"

"Da takardun jarrabawar 'yan aji biyar a ciki?"

Injiniya ya ɗaga hannu zai ba ta haƙuri. To dama sun yi da Tela cewa in ya ɗaga hannun hagu a kunna iska. Tela ya danna makunnin wuta.

Fankoki shida suka tashi lokaci guda, kowacce a lamba ta ƙarshe. Takardu suka yi sama kamar garken tattabaru. Mutane suka miƙe suna cafka, wasu a kan kujeru, wasu suna karo da juna. Malama tana ihu daga taga, "Ku kama min! Kada ta faɗa kwata!" Mai kanti ya cafke ɗaya ya tsaya yana dubawa.

"Biyu bisa ashirin? Kai, wannan ai sunan ɗana ne!"

Injiniya ya ga an daina kallonsa, sai ya buɗe lema don ya dawo da hankalin jama'a. Iska ta cika ta, ta ja shi da baya, ƙafa ɗaya har yanzu a cikin akwati, yana ɗingishi yana jan sa ƙiiii, har ya faɗa igiyar shanya. Igiyar ta tsinke, marafan kwalba suka zubo masa a ka, wani jiƙaƙƙen zanin gado ya naɗe shi tun daga idanun roba har ƙugu. Sandar da ke tokare igiyar ta yi tangal-tangal, ta faɗi can gindin bango, ta daki wani abu, ƙwal.

"Saura ɗaya," in ji Nas, ta kurɓi shayi.

Abin da sandar ta daka sakatar kejin Baba ce.

Talotalon ya fito a hankali kamar mai duba ma'aikata. Ya kalli fankoki, ya kalli takardu, sannan ya ga wani koren abu yana fitowa daga cikin zani da fararen idanu biyu manya-manya suna rawa. Ya kumbura, ya baje jela, wuyansa ya yi jawur. Ya ce gulu-gulu-gulu!

"Kada kowa ya motsa," in ji Injiniya, yana zare ƙafa daga akwati. "Na san halin tsuntsaye. Ido za ka kafa musu, su suke jin tsoro."

Ya kafa masa ido. Talotalo ya taho a guje, ya kai masa sara daidai inda Tela ya jera fil.

Abin da ya biyo baya, har yau waɗanda suka gani suna rantsuwa a kai. Injiniya ya taka benci, ya taka teburin guga da babu mai riƙe da shi, ya taka akwati, ya taka faifan duro har ya wuntsila gefe, ya haye tsani ba tare da ya taɓa shi da hannu ba, sai ga shi a rufin rumfa. Duk a cikin ƙiftawar ido, lema a hannu, babu kuskure ko ɗaya. Tsakar gida ta ɗauki sowa da tafi. Tsohuwar nan ma sai da ta ce, "A'a, ashe sana'a ce."

Injiniya ya tsaya a sama yana haki, shi kansa bai yarda ba. Sai ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Kun gani ko? Tela! Ka ɗauka?"

Muryar Tela ta fito daga saman katanga, inda ya maƙale. "Na ɗauki ƙafata dai, mutumina!"

"Bidiyon fa?"

"Akwai sararin sama, akwai kuma ihuna."

"Ka sauko ta tsanin nan yanzun nan!" in ji Malama daga taga. "Ka sauko tun kana da ƙafafu biyu!"

Ya leƙa. Talotalon yana gindin tsani, ya riga ya ɗora ƙafa a matakalar farko, yana kallonsa da ido ɗaya.

"Gwani ba ya komawa da baya," in ji Injiniya. "Tela, saita waya. Yanzu za a ga abin da ya sa ake kiransa Mai Lema."

Ya buɗe lemar, wadda ƙarafunanta biyu tuni suka karye. Ya ja da baya taku uku, kwanon rufi na ƙara a ƙarƙashinsa. Talotalo ya buga fiffike ya ɗare tsakiyar tsani. Injiniya bai jira ƙirga uku ba, ya yi tsalle.

Yana cikin iska ne ya lura babu katifa. Tun ɗazu wasu dattawa uku suka ga ta zauna a rana ba kowa a kai, suka ja ta inuwa suka baje. Ɗaya ma har ya ɗaga masa hannu.

Lemar ta ce fat, ta kife sama, ta koma kamar tsintsiya. Injiniya ya sake ta, ya kai hannu ya cafki abin da ya fi kusa, wato bututun tankin Baba. Bututun ya yi masa rakiya. Suka taho tare, ya juya a iska sau ɗaya, ya shige duro da ka, tsundum!

Ruwan tanki ya yi tsiri, ya feshe 'yan kallo, ya feshe takardun da aka sha wahalar tarawa, ya sauka a kan mahaɗar fankoki. Aka ji fus, wani ɗan hayaƙi ya tashi, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Fankoki suka yi ta rage gudu har suka tsaya. Rediyon Baba ta yi shiru a tsakiyar magana. Babu abin da ake ji sai zubar ruwa, da kwanon silba yana ta tilili-tilili-tit. A bakin duro kuwa ƙafafu biyu ne a sama, ɗaya kore ɗaya furanni, suna tuƙa keken da babu shi.

Ƙofar Baba ta buɗe. Ya fito da singileti, ya kalli tankinsa, ya kalli talotalonsa a kan rufin rumfa yana shelar nasara, ya kalli duro.

"Wane ne a cikin durona?"

Direbobi suka kama ƙafafun suka zaro shi kamar an cire toshiya. Ya zauna dirshan a cikin ruwa yana tari, kwanon ido ɗaya ya koma kan kunnensa.

"Ni ne, Baba. Motsa jikin nan ne."

"Na ce kada ka matsa kusa da tankina."

"Ban matsa ba, Baba. Wucewa na zo yi."

Nas ta ajiye kofi, ta duba kansa, ta lanƙwasa hannuwansa da ƙafafunsa, ta ce babu abin da ya karye sai lemarta. Kiɗan ya ishe ta, ta ɗauko wayar daga kwano za ta kashe. Sai ta tsaya tana kallon fuskar wayar.

"Injiniya, sau tara ka ce ka ƙure?"

"Ba ni wayata."

"Nan an rubuta: mataki na uku. An faɗi sau dubu huɗu da ɗari da goma sha biyu."

"Mataki na uku?" in ji mai kanti. "Cikin takwas?"

"Gadar da ke wurin ce ba ta da kyau," Injiniya ya ce. "Kuma ma ba wayata ba ce, ta Malama ce."

"Tawa tana hannuna," in ji Malama, wadda ta sauko tana tsaye a kansa da jiƙaƙƙun takardu a hammata. "Tun da ka fasa akwatin nake ɗaukar ka. Don in na ce wa shugaban makaranta kwaɗo ne ya jiƙa jarrabawar yara, ba zai yarda da baki ba, sai da shaida."

Dariyar da aka yi a wurin har masu wucewa a titi suka leƙo. Kwastomomi suka bi layi, kowa ya ɗauki fankarsa tana ɗigar ruwa ya fice. Injiniya ya ce wa Baba zai gyara bututun da kansa, minti goma ya ishe shi.

"Ka taɓa shi in kira 'yan sanda," in ji Baba. "Za a kira mai gyara na gaske. Kafin ya zo, kai ne famfon gidan nan."

Kwana uku Injiniya yana jigilar ruwa a bokiti daga layin baya zuwa kowane ɗaki, sama da ƙasa. In ya gama ya zauna da dutsen guga yana busar da takardun 'yan aji biyar ɗaya bayan ɗaya, Malama na tsaye a kansa. Gasa kuwa bai sake ambatonta ba. Tela ne ya karɓi bidiyon a wurin Malama, ya ce abin nan ya fi ƙarfin layi ɗaya, ya tura wa masu gem ɗin ba tare da ya gaya masa ba.

Bayan mako uku saƙo ya zo. Matar da ƙaninta suka ce sun kalli bidiyo ɗari bakwai, amma babu wanda ya sa su kuka da dariya sai wannan, kuma ba su taɓa ganin wanda ya so kwaɗonsu haka ba. Sun zana shi, yana cikin sabon zubin da ya fito yau.

Injiniya ya fito tsakar gida yana ihu. "Ina masu dariya? Ku fito! Na ce za a saka ni ko ban ce ba?"

Aka taru a kansa. Ya sauke sabon zubin a wayarsa. Ya duba wurin zaɓen jarumi, kwaɗo ne kawai. Ya duba cikin masu ba da maɓallai, babu shi. Ya shiga mataki na uku yana waige-waige, ya zo gadar nan, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Ya sake, rai na uku ya tafi. Fuskar wayar ta yi duhu.

Sai ga wani ɗan duro na ɗigo-ɗigo ya bayyana. A bakinsa ƙafafu biyu, ɗaya kore ɗaya furanni, suna tuƙa keke. A ƙasa an rubuta: Za ka sake gwadawa?

Tela ya zauna a ƙasa riƙe da ciki. Malama ta juya baya kafaɗunta na girgiza. Injiniya ya daɗe yana kallon ƙafafun, har idonsa ya ɗan kawo ruwa.

"Dubi furannin," ya ce a hankali. "Ɗigo shida kacal, amma sak." Sai ya ɗago, ƙirji ya dawo wurinsa. "Kun san ma'anar wannan? Duk duniya, babu mai buga gem ɗin nan bai gan ni ba. Kwaɗon ma albarkacina zai riƙa ci."

Baba ya taso daga kujerarsa. "Kawo in ga abin da ya cinye min tanki."

Injiniya ya miƙa masa, ya nuna masa inda ake dannawa, yana ƙyafta wa jama'a ido. Baba ya gyara tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska kamar mai karanta adireshi, ya fara dannawa da yatsa ɗaya. Kwaɗo ya yi tsalle, ya tsinci maɓalli, ya jira buta ta gama tururi, ya wuce. Ya zo gada. Baba ya ɗan tsaya, ya buɗe lema, ya sauka a ɗaya gefen. Wayar ta yi wani kiɗa da Injiniya bai taɓa ji ba, ta rubuta: Mataki na huɗu.

Baba ya juya wayar gaba da baya. "To ina kake? Ni ban gan ka ba."

"Ai Baba... sai ka faɗi tukuna."

"Au, sai an faɗi?" Baba ya miƙa masa wayar. "To karɓi ka nuna min, ɗana. Wannan fannin naka ne."